Cajin Bankin da Ya Sa Na Mayar da Ke Kano

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, gajiyar jirgi ta sake ki, kin kuma tarar da ɗakin naki na Sentul kamar yadda aka nuna mana shi a hoto. Allah Ya tsare min ke a masauki da hanyar makaranta, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Abbanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Na san za ki yi dariya ki ce kullum muna waya, me ya kawo wasiƙa. A waya ina fara doguwar magana sai ki ce, "To Mama, na ji," ni kuma in yi shiru. Wannan maganar ba na so a katse ni a cikinta, kuma ban taɓa iya faɗar ta ina kallon idonki ba.

Cikin kwanakin nan makaranta za ta ba ki takardar da za ki kai banki ki buɗe asusu. A kan wannan nake so in yi miki magana. Asusun banki ya taɓa wahalar da ni a garin nan da kike ciki, kuma ke ma kin biya wani kaso na wahalar ba tare da kin sani ba.

Lokacin da na samu tallafin gwamnati na tafi Kuala Lumpur yin digiri na uku, kina 'yar shekara huɗu. Abbanki ya raka mu, ya kama mana gida a wani dogon bene a Pantai Dalam, kusa da jami'a, sannan ya koma Kano bakin aikinsa. Mai gidan wani dattijo ne da ba ya son a riƙa kai masa kuɗi a hannu. Ya ce in sa banki ya riƙa tura masa kuɗin haya da kansa duk farkon wata. Na je banki ina riƙe da hannunki. Wata matashiya ce ta karɓe mu, mai fara'a sosai, duk abin da na tambaya sai ta ce "boleh, boleh", wato zai yiwu, ba damuwa. Ke kuma kin gaji, kina ta jan hijabina kina cewa mu tafi. Ta miƙo min takardu, ta ɗiga alama a duk inda zan sa hannu. Na sa hannu, na yi mata godiya, muka fito.

Nan na fara kuskure. Ni da nake wuni ina karanta takardun bincike a kan ruwan sha, har ina ja wa marubutansu layi ina musu gyara, sai na kasa karanta 'yan shafukan da suka shafi aljihuna. Kunya na ji. Na ga kamar idan na tsaya karantawa za ta ɗauka ban yarda da ita ba, ko kuma Turancina ne bai kai ba. Ban san cewa irin asusun da ta buɗe min yana da abin da suke kira obadiraf ba. Ma'anarsa, idan lokacin biyan wani abu ya zo kuma babu kuɗi a ciki, banki zai biya, asusunki ya gangara ƙasa da sifiri, su kuma su ɗora miki caji da kuɗin ruwa.

Don haka idan kin je, kada fara'ar kowa ta sa ki gaggawa. Ki karɓi takardun ki ce za ki dawo gobe. Ki yi musu tambaya guda ɗaya a fili: idan aka zo cire kuɗi kuma babu, me kuke yi? Ki ce ke so kike a ƙi biya kawai, ba ki son a ranta miki ko kobo, kuma su rubuta miki haka. Ki nemi asusu na tsarin Musulunci, suna da shi ko'ina a can. Amma shi ma ki karanta, don sunan Larabci a saman takarda ba ya nufin babu caji a ƙasanta.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. Na sa ki a tadika, makarantar ƙananan yara da ke ƙasan benenmu, kika kama Malayanci da Turanci kamar a can aka haife ki. A shekara ta biyu sai alawus ɗinmu ya makale a gida. Kowa a cikinmu 'yan tallafi ya shiga halin da ya shiga. Farkon wata ya zo, asusuna babu abin da ya kai kuɗin haya. Na zaci banki zai ƙi turawa, in je in ba dattijon haƙuri. Sai na ji shiru, bai kira ni ba. Har na yi murna na ce mutumin kirki ne. Ashe banki ya biya shi. Wata na biyu ma haka.

Sai ambulan suka fara zuwa. Na buɗe na farko a gindin akwatin wasiƙu, na ga alamar ragi a gaban lissafina, na ga cajin biyan haya babu kuɗi, na ga kuɗin ruwa na kullum, har da cajin wasiƙar da suka rubuto min don su gaya min sun caje ni. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kuɗin ruwan. Ni da ko adashe sai na tambayi malam kafin in shiga, ga ni tsundum cikin riba ban san ranar da na faɗa ba. Na hau sama, na ɗora ambulan ɗin a kan firij. Na biyu da ya zo ban buɗe shi ba. Na uku ma ban buɗe ba. Kullum idan zan ɗauki madararki sai in kau da kai.

Ummi, takardar da ba ki buɗe ba ba ta daina aiki. Duk watannin da na yi ina kau da kai, lissafin yana ta hawa. Yanzu ku komai a waya yake, ba ambulan. Ki kunna saƙon da ke sanar da ke duk abin da ya shiga ko ya fita, kuma ki riƙa dubawa ko da ranki ba ya so. Musamman ma ranar da ranki ba ya so. Idan kin ga an cire miki abin da ba ki gane ba, komai ƙanƙantarsa, ki ɗauki hotonsa ki tambaya a ranar.

Da alawus ya zo daga baya, banki ya kwashe nasa kafin in taɓa komai. Abin da ya rage bai kai mu ko'ina ba, asusun ya sake gangarawa. Sai na kira yayata, Anti Rabi, na ce mata kuɗin gwaje-gwaje nake nema. Ta aiko min, na zuba a ramin, ban tambayi kowa yadda aka yi ramin ya kai haka zurfi ba. A tunanina idan na biya an rufe magana, ba wanda zai ji. Ban biya don na yarda ana bina ba, na biya don in sayi shiru. Kada ki taɓa yin haka. Wanda ya ce yana binki kuɗi, ko banki ne ko mutum, ki ce ya nuna miki yadda aka yi lissafin kafin ki buɗe jaka.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Kin taso ana ba ki labari cewa an mayar da ke Kano wajen kakarki Hajiya kina ƙarama don ki koyi Hausa. Ana ba da labarin ana dariya, yadda Hajiya ta kira a waya tana yi miki wasa kika amsa mata da Malayanci, ta ce an mayar mata da jika bare. Wannan ya faru, amma ba shi ne dalili ba. Lokacin sabunta bizarmu ya matso, kuma ana buƙatar takardar banki da za ta nuna ina iya riƙe kaina da ɗiyata. Tawa takardar ba ta nunuwa. Kuɗin tadika ma na fara jan ƙafa a kansa. Ana cikin haka Abbanki ya zo mana hutu. Kafin ya iso na kwashe ambulan ɗin daga kan firij na cusa su ƙarƙashin littattafaina. Ya yi kwanakinsa, ina dafa masa abinci ina dariya. Ya tambaye ni ko akwai matsalar kuɗi, na ce babu. Ana gobe zai tafi na ce masa yarinyar nan tana neman rasa harshenta, gara ya tafi da ke wajen Hajiya ki ɗan zauna. Ya ce anya zan iya zama babu ke. Na ce karatu ma ya yi min yawa. Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Na raka ku filin jirgi. Kina ta murna za ki hau jirgi, kina ɗaga min hannu. Na dawo gida a jirgin ƙasa, na tarar da ƙananan takalmanki na makaranta a bakin ƙofa, na zauna a ƙasa kusa da su ban ko cire hijabi ba.

Me ya hana ni faɗa masa? Na daɗe ina tambayar kaina. Lokacin da zan tafi karatun nan akwai waɗanda suka ce masa mace ita kaɗai da yarinya a ƙasar waje ba za ta iya ba. Shi ya tsaya min. Sai na ga idan na ce na jefa kaina cikin bashin banki da riba, na ba su gaskiya, na kuma kunyata shi. Girman kai ne na sa masa rigar kunya. Ki kiyayi wannan, don na ga alamarsa a jikinki. Tun kina sakandare idan abu ya dame ki sai ki rufe ɗaki ki ce ba komai.

Wadda ta fito da ni ita ce Anti Bilki, 'yar Gombe, wadda kike gani tana zuwa mana da kilishi idan ta shigo Kano. Lokacin tana karatun shari'ar kasuwanci, muna hawa bas ɗaya. Ta lura na daina zama cin abinci da su a mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi da muke taruwa bayan la'asar. Sai dai in sayi farar shinkafa a ƙunshe min in wuce. Wata Asabar ta hau har ɗakina ba sallamar waya, ta zauna ta ce ba za ta tashi ba sai na gaya mata wanda ya mutu. Na yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe na ɗaga littattafan.

Ba ta yi min faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta farke ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya, muka shimfiɗa takardun a kan darduma. Muka bi su layi-layi. A nan na ga abin da tsoro ya hana ni gani. Akwai ranar da alawus ɗina ya shigo, kuma a ranar aka cire haya, amma sai suka fara lissafa cirewar kafin shigowar, suka caje ni kamar babu kuɗi. Akwai watan da kuɗina ya isa komai, cajinsu ne da kansa ya tura asusun ƙasa da sifiri, sannan suka sake caja ta a kan hakan. Caji a kan caji. Bilki ta raba takardun gida biyu, ta dafa ɗaya ta ce, "Wannan hayar gidan da kika kwana a ciki ce, naki ne, ki biya." Ta dafa ɗayan ta ce, "Wannan kuwa ba naki ba ne, Hadiza. Kin yi ta cin bashi kina biyan abin da ba a binki."

Ki riƙe wannan rabon. Neman haƙƙi ba gudun bashi ba ne. Abin da kika ci ki amsa shi da bakinki tun farko, shi zai ba maganarki nauyi idan kin zo kan abin da aka ɗora miki.

Da na gane an cuce ni, kunyata ta juye ta zama fushi, sai na sake yin wani kuskuren. Bilki ta ce in jira ta mu rubuta takarda, ban jira ba. Litinin da safe na faɗa bankin, na zube takardun a gaban yarinyar da ke kan kanta, na ɗaga murya. Abin da na tara na watanni duk na sauke mata. Ba ita ta buɗe min asusun ba, ba ta da ikon mayar min da ko sisi. Idonta ya ciko, mai gadi ya matso, mutanen da ke layi suka zuba min ido. Na fito ban samu komai ba, sai ma na ba su labarin da za su riƙa bayarwa a kan baƙar mace mai faɗa. A can ba a son hayaniya. Kina ɗaga murya sai a yi miki murmushi a rufe ƙofa. Washegari na koma na nemi yarinyar na ba ta haƙuri, kuma ita ce ta nuna min teburin da ake karɓar ƙorafi.

Muka zauna da Bilki muka rubuta shafi guda, babu zagi, babu kuka. Na ce ni ɗaliba ce, ban nemi a ranta min ba, kuma ba wanda ya yi min bayanin wannan tsari. Na nemi su nuna min inda aka yi min bayanin. Na jero cajin da ban yarda da su ba, kowanne da ranarsa da dalilina. Na ce hayar da suka biya na amsa ta. Na kai, na sa aka buga min hatimi a kwafina, aka ba ni lambar ƙorafi. Manajan ya fito da kansa, mutum mai ladabi, ya ce in kwantar da hankali, za su duba. Na ji daɗin maganarsa har na daina bibiya. Makonni suka wuce babu labari, sai da na koma na tarar takardar tana nan inda na bar ta. Alƙawarin baki ba a ajiye shi a fayil. Duk wanda kika yi magana da shi, ki rubuta sunansa da ranar da abin da ya ce, sannan ki aika masa saƙo ki maimaita masa maganarsa, ya zama akwai shaida.

Daga baya suka kira ni. Manajan ya ce sun duba halina na ɗaliba, za su yafe min wani ɗan kaso don kyautatawa, in sa hannu cewa magana ta ƙare. Wallahi na ɗauki biron. Na gaji, kuma ɗan abin da suka ce ɗin ma ina buƙatarsa. Kalmar kyautatawa ce ta tsayar da ni. Na tuna takalmanki a bakin ƙofa, na ce a raina wannan mutumin yana so ya ba ni sadaka daga cikin kuɗina. Na ajiye biron na ce masa, a hankali wannan karon, "Na gode, amma ba taimako na zo nema ba. Ku ba ni amsarku ta ƙarshe a rubuce."

Da wannan amsar na tafi ofishin da ke shiga tsakanin bankuna da masu ajiya. Ba na bankin ba ne, kuma ba su karɓi komai a hannuna ba. Ki nemi sanin inda yake tun kafin ki buƙace shi, ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku zai nuna miki. Na ba su kwafin komai, na koma ɗakin gwaji na ci gaba da aikina. Abin ya ɗauki lokaci, har na fara cire rai. Wata rana ina cikin bas saƙo ya shigo wayata. Bankin ya mayar da duk cajin da na jero, da kuɗin ruwan da ya biyo bayansu. Na mayar wa Anti Rabi kuɗinta, na gaya mata ainihin abin da na yi da su.

A ranar na kira Abbanki na gaya masa komai, tun daga biron farko. Bai tambayi nawa ne ba. Cewa ya yi, "Hadiza, da kin faɗa min ai motar nan zan sayar. Kika bari na ɗauke miki 'ya ina ganin gyara nake yi." Bai ƙara komai a kai ba, har yau kuma bai sake tayar da maganar ba.

Da aka yi dogon hutu ya dawo min da ke. Kin yi kusan shekara a Kano. Na tsaya a wajen fitowa ina jiran ki rugo ki faɗa jikina kamar yadda kike yi idan na ɗauko ki daga tadika. Sai kika taho a hankali riƙe da rigar Abbanki, an yi miki kitso da lalle. Kika durƙusa kika ce min ina wuni, kamar baƙuwa. A cikin tasi kika zauna a tsakiyarmu, hannuwanki a kan cinya. Muna dab da isa Pantai kika ɗago kika dube ni, da Hausarki tas irin ta Hajiya, kika ce, "Mama, yanzu na iya Hausa. Ba za a sake mayar da ni ba ko?"

Daga ranar ban sake jin kin yi Malayanci ba, ko da yaran bene sun yi miki magana. Banki ya dawo min da kuɗina har kobo na ƙarshe, amma wannan shekarar babu ofishin da zan kai ƙararta.

Ba laifin bakinki ba ne, Ummi. Ba ki yi komai ba. Ni ce na ji kunyar abin da bai kai a ji kunyarsa ba, na bar ki kika ɗauki nauyinsa. Ki yafe min.

Abin da nake roƙonki ke nan. Za ki yi naki kuskuren a garin nan, na kuɗi ko na wani abu, don kowa yana yi. Idan ya faru ki kira ni a ranar farko, tun yana ƙarami, tun kina jin kunyarsa. Ba zan ce kin kasa ba. Ba ni da bakin faɗar haka.

Allah Ya tsare ki daga bashi da zaluncin mutane, Ya ba ki zuciyar neman haƙƙinki da ladabin nemansa. Ya sa albarka a karatunki, Ya kare ki a bas da jirgin ƙasa da duk inda ƙafarki ta taka, Ya dawo min da ke lafiya. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki riƙa cin abinci sosai.

Wassalam,
Mamanki